Saƙon Da Ya Kusa Raba Ni Da Maman Nkechi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Mamana.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko kina cikin mota ne, ko kin riga kin sauka. Allah Ya tsare miki hanya, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ki da masu tsoronSa. Na cusa takardar a aljihun jakarki ne domin na san halina. In na zaunar da ke zan yi magana baki da baki, kuka zai riga ni, ke ma ki kama, babanku ya leƙo ya ce mun mai da masa gida wurin zaman makoki.

Zulaihatu, sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiransa sai dai hannuna ya rubuta. Ga shi bautar ƙasa ta jefa ki Inugu. Can ba za ki fita ki ji "ina kwana" ta kowace ƙofa ba kamar nan Funtuwa. Da Turanci za ki yi cefane, da shi za ki tambayi hanya, da shi za ki ba da haƙuri in kin taka wani. Na san za ki yi murmushi ki ce yau Umma ce za ta yi mini nasiha a kan Turanci, ita da ta tsaya a aji shida. Gaskiyarki, kin fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Abin da na fi ki shi ne na sha faɗawa ramukansa, kuma duk faɗuwar da na yi sai Allah Ya kawo wanda ya miƙo mini hannu. Labarin waɗannan mutane nake so ki tafi da shi.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga Tsiga, Maman Nkechi ta riga ni zama a layin. Kin san ta tun kina goye, amma ba ki san ta a wancan lokaci ba, siririya, tana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, mijinta yana sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha. Hausarta a lokacin sai a hankali. Ta ce wa babanku "kina lafiya," ni kuma ta ce mini "kana lafiya." Ranar da muka fara magana ta kirki, babbar tukunya na je aro, za a yi suna a gidan ƙanin babanku. Na tsaya a bakin ƙofarta na shirya Turancina tsaf, na ce, "Borrow me your pot."

Ta shiga ta ɗauko tukunyar, ta goge ta, ta miƙo mini, amma ba ta saki ba. Ta ce, "Amarya, ni zan ba ka, kai za ka karɓa. Mai bayarwa nasa daban, mai karɓa nasa daban." Ta nuna ƙirjinta ta ce "lend," ta nuna nawa ta ce "borrow." Sai da na maimaita sannan ta sakar mini tukunyar.

Kunya ta kama ni. Don in rama, na ce, "To ni ma ba 'ka' ba ce, 'ki' ce. Ko kin ga gemu a fuskata?"

Ta yi dariya har ta dafa bango. Daga ranar muka yi ciniki: ita ta gyara mini Turanci, ni in gyara mata Hausa. Sai daga baya na gane inda matsalata take. Mu kalma ɗaya ke yi mana aikin biyu, ki ce ara mini, ki ce na ara, duk aro ne. Su sun raba. Ita kuma a yarensu ba a raba mace da namiji a wurin magana, shi ya sa ta yi ta sa wa babanku ɗankwali. Kowa da kayan da ya ɗauko daga gida yake shiga harshen wani. Saboda haka in kin ji mutanen can suna wani Turanci da ya saɓa wa na littafinki, kada ki ɗaga hanci. In kuma wani ya gyara miki naki, ki karɓa ki yi godiya, ko da mai sayar da tattasai ce. Har yau Amarya take ce mini, ga furfura ta cika mini kai, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba.

Akwai kuma Malama Saratu, 'yar Gozaki, wadda ta koyar da ke a aji uku. Ba lallai ki tuna ba, amma shekarar ce kika yi doguwar jinya, kika koma makaranta kin manta ko haɗa baƙi. Ita ta riƙa zama da ke bayan an tashi, ba ta taɓa neman ko sisi ba, har kika kamo 'yan ajinku. Da aka kira taron iyaye da malamai na ce lallai sai na gode mata a gaban jama'a, kuma da Turanci, don shugaban makarantar ba ya jin Hausa sosai. Na taɓa jin wata kalma a rediyo, "priceless," aka ce ana faɗinta ga abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Ranar taron na miƙe, kalmar ta gudu daga kaina. Sai wata mai kama da ita ta faɗo mini, na ce ai duk ɗaya ne, tunda wutsiyarsu iri ɗaya ce. Na dubi baiwar Allah nan na ɗaga murya na ce, "Your work is worthless."

Ɗakin ya yi tsit. Can baya wani ya ƙyalƙyale da dariya, matarsa ta zungure shi. Ni kuwa ina tsaye ina jiran tafi. Malama Saratu ce ta fara tafawa, ita kaɗai, sannan ta ce da Hausa yadda kowa zai ji, "Na gode, Hajiya. Na ji abin da zuciyarki ta faɗa." Sai sauran suka bi ta da tafi.

Da aka tashi ta rako ni har bakin ƙofar makaranta, ta riƙe hannuna kamar muna hirar duniya, ta ce, "Hajiya, waccan kalmar da kika faɗa, ma'anarta aikin banza ne, wanda ba shi da wani amfani. Na san ɗayar kike nufi."

Na ce, "Malama, a gaban mutane na zage ki ke nan?"

Ta ce, "Wanda ya zo zagi ba ya zuwa da hawaye a ido. Ki daina tunaninsa."

Ban daina ba, ga shi har yau ina tunaninsa, amma da godiya. Abu biyu na ɗauka daga wurinta. Babbar kalmar da ba ki ga yadda masu ita ke aiki da ita ba, ki bar ta, ki ɗauki ƙarama wadda kika sani. Da "thank you" kawai na ce, da na zauna da mutuncina. Sannan in wani ya yi tuntuɓe a gabanki, musamman ɗaliban da za a ba ki ki koyar, ki fara rufa masa asiri, gyara ya biyo baya a gefe. Malama Saratu ta rasu shekarun baya. Ki riƙa tunawa da alherinta, don da hannunta kika fara karatun da ya kai ki inda za ki yau.

Na ƙwai kuwa kin sha jin babanku yana tsokanata da shi. Lokacin da na fara kiwon kaji, akwai wani Bayerabe mai gidan burodi, Baba Kunle, da ke ɗaukar ƙwai a wurina duk mako. Wani mako na ji shi shiru, na ce bari in tambaye shi ko na wurinsa sun ƙare in aika masa. Na rubuta a waya, "The eggs are finished," na tura, ban sa alamar tambaya ba. Ni a kaina tambaya na yi, har da ɗaga murya a ƙarshe. Shi kuwa waya ba ta kai masa muryata ba, labari ya gani: ƙwai sun ƙare. Ya tafi Malumfashi ya saro. Ni ina nan da kiret-kiret na ƙwai jibge a ɗaki ga zafin bazara, wasu har suka lalace. Sai da ya kira da kansa yana tambaya, "Madam, yaushe kajinki za su sake yi?" sannan muka gano bakin zaren. Mutumin kirki, bai yi mini dariya ba, ya ce laifinsa ne da bai kira ba, ya ci gaba da saye a wurina har ya bar sana'ar. Tun daga nan na san cewa 'yar ƙugiyar nan mai ɗigo a ƙasa ita ce muryar mutum a takarda. Aya, waƙafi, alamar tambaya, duk ba ado ba ne. Ku yaran yanzu kuna zuba saƙo kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ba inda aka tsaya ba inda aka huta. Ga ƙawayenki ki yi yadda kika ga dama, amma in shugabanki za ki rubuta wa, ko mai gidan da za ki zauna, ki tsaya ki sa kowace a wurinta.

Yanzu ga wanda ban taɓa ba ki labarinsa ba, shi ne ma ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna Babbar Sallar da Maman Nkechi ba ta shigo gidanmu ba? Kina sakandare lokacin. Kin tambaye ni, na ce miki ba ta jin daɗi ne. Shekarar ƙasa ta ɗauki zafi. Saƙonni marasa kan gado suna ta yawo a waya, ana cewa baƙi su tattara su koma garuruwansu. Ba wanda ya taɓa kowa a unguwarmu, amma 'yan kudu sun tsorata, wasu sun tura matansu da yara gida, shaguna suna rufewa tun la'asar. Ni kuma ina Tsiga ina jinyar kakarki, sai jajiberin Sallah zan dawo. Hankalina yana kan Maman Nkechi. Na ce bari in tura mata saƙo ta san cewa ba abin da ya canja tsakaninmu, wurinta yana nan a tabarmata kamar kowace shekara. Tana jin Hausa kamar 'yar gari a lokacin, amma karanta ta yana ba ta wuya, shi ya sa kullum da Turanci nake rubuta mata.

Abin da na yi niyyar faɗa shi ne: duk maƙwabta za su ci abinci a wurinmu ranar Sallah, ina sa ran zuwanki. Ina riƙe da kofin magani a hannu ɗaya, na danna da ɗayan, na tura ban sake dubawa ba. Ga abin da ya isa gare ta: "All our neighbours will eat with us on Sallah day except you."

Ke da kika yi karatu kin riga kin gani. "Expect" nake nufi, ina sa ranki. Na juya haruffa suka zama "except," ban da ke. Ga shi ban sa waƙafi ko aya a tsakani ba, balle ta ga cewa magana biyu ce. Sai ya tashi sumul, Turanci mai kyau wanda ba kuskure a cikinsa: kowa zai zo ban da ke. Amsarta ta dawo da kalma ɗaya, "Ok." Na ce a raina tana cikin aiki ne.

Ranar Sallah na ware mata hanta da ƙoda, don su ta fi so, na ajiye mata wuri kusa da ni. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ba ta shigo ba. Na aika da nama, aka dawo aka ce ta karɓa daga bakin ƙofa ta ce an gode. Mamana, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce wato ita ma ta yarda da maganganun waya, yau abincina take tsoro, ni da na kwana da ita a asibiti ranar da ta haifi autanta. Na ce tunda haka ne kowa ya zauna a gidansa. Makonni suka wuce, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin ƙarar turminta tana jin nawa. In mun haɗu a layi sai "sannu" da "yauwa," kowa ta kau da kai.

Wata rana da hantsi babanku ya dawo daga tasha, ya zauna bai cire takalmi ba, ya ce, "Kin san Baban Nkechi ya sa shagonsa a kasuwa? Tafiya za su yi gaba ɗaya."

Na ce, "Allah Ya kiyaye hanya."

Ya dube ni ya ce, "Abin da za ki ce ke nan? Shekara nawa kuna cin abinci a kwano ɗaya da matar nan? In laifi ta yi miki, je ki ji daga bakinta. In ke kika yi, je ki ji daga bakinta."

Na ɗauki mayafi na fita ina huci, da niyyar in faɗa mata abin da ke raina kafin ta tafi. Na tarar da tsakar gidan cike da kwalaye da buhuna, an sauke labule, an cire hotuna daga bango. Tana durƙushe tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Ta ɗago ta gan ni, ta ci gaba da aikinta.

Na ce, "Maman Nkechi, haka za ki tafi ba sallama? Na gayyace ki Sallah kin ƙi zuwa, ban ce komai ba. Me na yi miki?"

Ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Kin gayyace ni?"

Na ce, "Har saƙo na turo miki daga Tsiga, ina kan jinyar uwata."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wayarta. Ba ta goge saƙon ba. Ta miƙo mini ta ce, "Karanta." Na karanta da ƙarfi, ban ji komai ba. Ta ce, "To faɗa mini da Hausa."

Na ce, "Duk maƙwabta za su ci abinci a wurinmu ranar Sallah, ina sa ran zuwanki."

Ta tsaya tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta karɓi wayar ta duba, ta sake dubana. Sai ta zauna a kan wani buhun kaya, ta rufe fuska da zaninta, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka dariya take yi, ashe dariya da kuka ne a haɗe. Da ta samu numfashi ta jawo ni na zauna kusa da ita, ta nuna mini kalmar da farce, harafi bayan harafi, ta faɗa mini abin da na rubuta. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce, "Kika yarda ni zan rubuta miki haka?"

Ta ce, "Amarya, ni na koya miki Turancin nan, na san inda kike tuntuɓe. Da wata shekara ce, da dariya zan yi in shigo in ja miki kunne. Amma ranar saƙo uku na karanta kafin naki, duk suna cewa mu tafi. Da naki ya shigo, ban karanta shi da idona ba, tsoro ne ya karanta mini. Na ce wa Baban Nkechi, in har Amarya ta juya mana baya, ba sauran wanda ya rage mana a garin nan."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ke ki yafe mini. Taku kaɗan ne daga ƙofata zuwa taki, na kasa zuwa in tambaya."

Ban ce saƙona kaɗai ya sa suka ɗaura kaya ba. Kasuwa ta ja baya, danginsu suna ta kira daga gida. Amma ita ce ta riƙa cewa a zauna a ga abin da Allah zai yi, kuma ranar da ta karanta saƙona ta daina cewa. Da yammar nan ta ce wa mijinta ita ba inda za ta. Babanku da dattawan layi suka same shi suka yi magana, ya fasa sayar da shagon. Ni da ita muka kwance kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya, muka mai da labule. Har in gama rayuwata ina gode wa Allah da Ya sa ba ta goge saƙon ba, ina gode wa babanku da ya tashe ni daga zaune, ina gode mata da ta ce in faɗa da Hausa maimakon ta rufe mini ƙofa.

Don haka, Mamana, duk abin da kika rubuta, ki karanta shi sau biyu kafin ki tura, na biyun ki karanta shi kamar ke ce wadda za ta karɓa, kuma ranta a ɓace yake. Kalmomin da suka yi kama da juna su suka fi cuta, don ido yana wuce su yana gaishe su. In kuma ke aka turo wa magana ta soke ki, kada ki yanke hukunci a kan allon waya. Ki taka ki je, ko ki kira ki ji murya, ki ce, me kike nufi? Za ki zauna cikin mutanen da ba su san ki ba, ke ma ba ki san su ba, kuma kowa an cika masa kunne da labarin ɗan'uwansa. A irin wannan zama ƙaramin kuskure girma yake yi da wuri. Kada ki bari ya kwana.

Cincin ɗin da ke cikin farar roba Maman Nkechi ce ta soya miki, ta hana ni ko taɓawa. Ta kuma kira ƙanwarta da ke can ta ce ɗiyarta na zuwa, ba ta ce ɗiyar maƙwabciya ba. In kin huta ki je ki gaishe ta, ki durƙusa kamar yadda kike yi wa gwaggonninki, ki kai mata kulikulin da na ɗaure daban.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki riƙe mutuncinki, ki ci abinci ko ba ki saba da shi ba in dai halal ne. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama lafiya, Ya ba ki maƙwabta irin waɗanda Ya ba ni, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Babanku yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki.

Da kin sauka ki turo mini saƙo. Ko da Turanci ne ki rubuto, zan zauna in karanta a hankali. Inda ya fi ƙarfina, zan ɗauki mayafi in shiga maƙwabta.

Wassalam,
Mahaifiyarki.